Tsakanin Ƙashi da Kashi

A yammacin da aka yi sadakar arba'in ta Mamman, bayan 'yan gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, gidan Malam Inuwa tela ya yi shiru irin wanda ba a saba ji ba a Unguwar Shanu. Ƙarshen damina ne na shekarar 1991. Rana ta yi ja a bayan rufin kwanon maƙwabta, hayaƙin itace ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi sama. Uwani, matar gidan, tana gaban murhu tana tuƙa tuwon da ta san ba mai cinsa. 'Yarsu Safara'u, wadda ita kaɗai ta rage musu, ta ɗauki igiya ta nufi bayan madafi don ta ɗaure awaki.

A can ta tarar da karen yayanta.

Kare ne ja mai farin ƙirji. Mamman ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a bakin kwalbati, ya kawo shi cikin rigarsa. Da farko Malam Inuwa ya ce ba a gidansa ba, sai da ɓarayi suka haura katanga suka ɗauke kan keken ɗinkinsa, sannan ya yarda, bisa sharaɗin kada ya kusanci ɗaki ko wurin alwala. Mamman ya sa masa suna Ƙyale-su. Kaltume, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta ɗauki sunan a matsayin habaici gare ta, kuma ba ta taɓa yafewa ba. Shekara uku Mamman yana dakon nama a babur daga mayanka zuwa kasuwa, shekara uku karen yana jiransa a bakin zaure, har ranar da tifa ta murƙushe babur ɗin a hanyar Kawo. Waɗanda suka san Mamman har yau sukan waiwaya in sun ji ƙarar babur da yamma.

Karen yana tsaye a kan tarin kashin awaki, a kusurwar da tsohuwar katanga ta zube. Ci yake yi, a hankali, kansa a ƙasa. Da ya ga Safara'u bai gudu ba, bai kuma kaɗa jela ba. Ya dube ta, ya ci gaba.

Da ta gaya wa uwarta, Uwani ta ce ai kare da cin kashi ba sabon labari ba ne. Amma hannunta ya tsaya a kan muciya. Ita ma ta san wannan karen bai taɓa yi ba.

Cikin kwana biyar abin ya girma. Ya bar na awaki ya koma nasa, ya bar nasa ya bi lungu inda 'ya'yan Kaltume ke tsugunawa. Idan ya wuce ta tsakar gida sai an toshe hanci. Uwani ta fara duban katangar Kaltume da wani irin ido. Ta ce da mijinta, cikin ƙaramar murya, dabba ba ta sauya hali haka kawai, wani abu aka ba shi ya ci, kuma wanda ya iya yi wa kare haka ba a san abin da ya yi wa mai karen ba. Malam Inuwa ya ce ta ji tsoron Allah. Amma da asuba ta gan shi yana duba gindin katangar da ƙafarsa, ko an binne wani abu.

A shagonsa kowa ya zama likita. Ado mai wankin hula ya ce tsutsar ciki ce. Sani direba ya ce iskanci ne kawai, a kama shi a goga masa hanci a ciki a zane shi, ba zai sake ba. Wani da ya kawo gyaran wando ya ce a garinsu barkono ake barbaɗawa a kai, in ya lasa sau ɗaya ya tuba har abada. Wannan shawarar ce ta kwanta wa Malam Inuwa, don ba sai ya taɓa karen ba.

Gab da magariba ya karɓi dakakken barkono cike da gwangwanin madara, ya zagaya bayan madafi, ya barbaɗe tarin nan tun daga sama har gindin katanga. Bai yi bismillah ba. Wa zai ambaci sunan Allah a kan ƙazanta?

Yana cikin alwala dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano.

Ba mai girma ba ne. Ya gangaro a hankali, ƙwal, ƙwal, ya faɗi gaban Uwani. Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa tulu. Malam Inuwa ya saka takalmi ya fita a fusace ya yi sallama a ƙofar Kaltume. Ya tarar da 'ya'yanta duka huɗu a zaune gaban kwanon tuwo, hannu dumu-dumu da miya, ita kuma tana tsaye da taɓarya tana duban katangarsu, don ta ɗauka daga gidan Malam Inuwa ake jifanta. Suka dubi juna, kowa bai yarda da kowa ba. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, ya ji shi da ɗumi. Ya kai hanci, ya yi atishawa. Warin barkono yake yi.

Washegari ma haka, daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Wannan karon har da sauti daga kusurwar nan, kamar jaki yana fyace hanci yana buga ƙafa, alhali duk layin ba mai jaki. Awaki suka taru a gefe ɗaya suna rawar jiki. Karen ya kwanta nesa, bakinsa a kumbure, bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Wannan shirun nasa ya fi duwatsun tayar wa Malam Inuwa hankali. Kare da ba ya haushin abu, ya ce a ransa, to ya san abun ne.

A rana ta uku Safara'u ta je ɗaure awaki ta daɗe. Da ta fito, tafiyarta ba tata ba ce. Ta ranƙwafa kamar mai ciwon baya, tana jan ƙafa, idanunta jajur suna zubar da ruwa. Ta zauna a ƙasa a tsakiyar gida, ta miƙe ƙafafu. Ta dubi uwarta kamar baƙuwa. Sannan wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa tukuf, mai kauri, mai jan kalma.

"Ina kaaashin?"

Uwani ta saki ludayi. Ta tambaye ta me ta ce, muryar ta maimaita. Ta sake maimaitawa. Ba ta da wata magana sai wannan.

Kwana huɗu aka yi a haka. An shigar da ita ɗaki an ja ƙofa, don kada unguwa ta ji 'yar Malam Inuwa, mai izu ashirin a ka, tana roƙon ƙazanta. Ko kunu ba ta sha. In an kai mata tuwo ta ture, in an tofa mata addu'a ta saurara shiru har a gama, sannan ta koma tambayarta. Wuyanta ya yi tsawo, leɓɓanta suka tsage. Uwani takan zauna bakin gado tana duban ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka, tana tuna cewa wata biyu bai cika ba da aka fita da makara daga gidan nan.

Zargi kuwa ya rasa wurin zama a waje ya dawo cikin gida. Malam Inuwa ya tambayi matarsa ko bayan rasuwar ta je wani wuri neman sanin dalili, ta kwaso musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ita kuma ta tambaye shi me ya sa tun ranar nan ba ya iya duban karen ido da ido, me ya sani da ba ta sani ba. Malam Inuwa ya ƙara barkono a kan tarin, ya bi shi da kananzir. Ya sa aka ɗaure karen a jikin turke, ya ce abin da ya shige shi shi ne ya shigi yarinyar, tunda abincinsu ɗaya, kuma ran Juma'a masu sayen karnuka za su zo su tafi da shi. Uwani ta ce ya yi yadda ya so da kare, amma ita a kira mata Malam Adamu kafin ta rasa na biyu.

Malam Adamu tsoho ne Bakatsine da ke zaune a Unguwar Kanawa, an san shi da karatu a kan masu iska. Ya iso ran Alhamis da hantsi, a ƙafa, da 'yar butarsa. Bai nufi ɗakin ba tukuna. Ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, ya zagaya bayan madafi, ya ga tarin nan ja wur yana ƙyallin kananzir. Ya tsuguna nesa kaɗan da karen, ya daɗe yana kallon haƙarƙarinsa, waɗanda ana iya ƙirga su daga ƙofar zaure. Ya wanke hannu ya ce a fito da yarinyar inuwa.

Aka shimfiɗa tabarma, Uwani ta riƙe ta ta baya. Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai yi wa kansa tilawa. Ya daɗe. Kaji suka daina tono. Can jikin Safara'u ya miƙe, kanta ya juyo gare shi.

Ya yi sallama, muryar ta amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ya tambaye ta ko Musulma ce, ta ce tun kakansa bai san alƙibla ba. Ya ce to me take nema a jikin yarinyar da ba ta yi mata komai ba.

"Ina kaaashin?"

Uwani ta rufe fuska da gyale. Malam Adamu kuwa ya karkata kunne, ya matso.

"Iya, sake faɗi. A hankali."

Ta sake.

"Ƙashi kika ce? Na nama?"

"To da me na ce? Kwana huɗu ina faɗa da bakin yarinyar nan da bai iya harafi ba. Haihuwar Kaduna, ba baki ba kunne. Ni ce zan roƙi ƙazanta? An taɓa ganina a ƙazantacce?"

Malam ya waiwayo ya dubi Malam Inuwa, wanda bakinsa ya buɗe bai rufe ba.

Daga nan ta ba da labarinta, yana tambaya tana amsawa. Ta ce kusurwar nan gidanta ne tun wurin yana makwancin shanu, ita da dabbarta ta hawa, su biyu. Ta ce kamar yadda Malam ya sani a littafi, ƙashin da aka ambaci sunan Allah a kansa shi ne abincin irinsu, sukan same shi cike da nama, kashin dabbobi kuma shi ne harawar dabbobinsu. Yaron gidan nan kullum yamma yakan zo da ƙasusuwa a leda daga mayanka, ya yi bismillah ya zuba. Kare ya ci nasa, ita ta ɗauki saura, dabbarta ta ci na awaki. Kowa da rabonsa, ba wanda ya taɓa shiga na wani. Sai wata yamma yaron bai zo ba. Ta ji kuka, ta gane. Ta ce ita ma ta yi zaman makoki, ba wanda ya zo mata gaisuwa. Ta haƙura da ƙashi. Da yunwa ta kori kare zuwa harawar dabbarta, nan ma ta haƙura, don mai yunwa ba a yi masa shari'a.

"Sai wannan ya zo da barkono," ta nuna Malam Inuwa da haɓa. "Ko sallama babu. Bakin dabbata ya ɗaye, idonta ɗaya ya rufe. Na yi jifa, ya ƙaro kananzir."

Malam Adamu ya juya, ba ga yarinyar ba, ya tambayi masu gida wa ke ba karen abinci.



Uwani ce ta fara cewa ta ɗauka mai gida yana zuba masa in ya fita masallaci. Malam Inuwa ya ce shi ya ɗauka tana ba shi ƙanzo. Kowa ya san ba gaskiya ya faɗa ba. Kwana bakwai na farko karen ya ci ragowar 'yan zaman makoki. Bayan nan kwanonsa yana kife a gindin randa, kullum suna wuce shi. Mamman ɗan fari ne. Yana raye ba su taɓa kiran sunansa ba, sai dai yaron nan, ko wancan. Ba su taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba su taɓa yabonsa ba. Da ya mutu kunyar ba ta bi shi kabari ba, ta tsaya a kan kayansa. Wanda duk ya fara ɗaga kwanon nan a gaban ɗan'uwansa ya nuna abin da ke cikinsa. Sai kowa ya jira ɗayan, kare kuma yana jiran su biyun.

Malam Adamu bai yi musu faɗa ba. Ya koma ga tsohuwar, ya ce an yi mata laifi, ya ba ta haƙuri, me za ta karɓa ta fita.

Ta ce ido a bakin ido, za ta tafi da na hagun yarinyar. Ya ce yarinya ba ta riƙe gwangwani ba, kuma mai amsa sallama har wa barakatuhu ta san ba a kama wani da laifin wani. Ta ce to a yanka mata baƙar akuya. Ya ce wannan ko a mafarki, jini ba ya zuba sai don Allah, in ta nace zai koma karatu daga inda ya tsaya. Ta yi tsaki ta ce Katsinawa da taurin kai. Ya ce ai ta san su tun kafin shi.

A ƙarshe suka daidaita. Za a kwashe tarin nan a yau, a wanke wurin da ruwan sanyi. Kullum safe a share kashin awaki a kai shi bayan katanga, can za ta koma da dabbarta, inda kare ba ya kaiwa. Duk ranar da aka ci nama a gidan, a ajiye mata ƙashi da bismillah. Kare kuma ba za a sayar ba, mai gida zai ciyar da shi da hannunsa. Malam Inuwa ya ce ya yarda. Malam Adamu ya ce to ta fita ta inda ta shiga.

Ba ta fita ba. Kan Safara'u ya sunkuya, muryar ta yi ƙasa.

"Saura ɗaya. Shekara uku ina cin hannun yaron nan, ban san sunansa ba. Wannan ta ce Yaya, waɗancan su ce wancan. Ina so in sa shi a addu'a. Ubansa ya gaya mini."

Malam Adamu ya buɗe baki zai faɗa, ta ce ba shi ta tambaya ba.

Malam Inuwa ya dubi ƙasa. Ya dubi 'yarsa, wuyanta kamar sillen kara a hannun uwarta. Uwani ta kau da kai ga bango, don ta sauƙaƙa masa.

"Muhammadu," ya ce. Bai fito sosai ba, ya sake. "Sunansa Muhammadu. Mamman ake ce masa."

"Allah ya jiƙan Muhammadu," in ji muryar. "Yaro ne mai bismillah."

Safara'u ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta sulale a kan cinyar uwarta. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji, da muryarta ta kanta.

A zaure, yana saka takalmi, Malam Adamu ya ce wa Malam Inuwa abin da ya rage ba na malamai ba ne. Ya ce kare in ya koma cin kashi, a fara duba cikinsa kafin a duba maƙwabta. Ko yunwa ce, ko tsutsa, ko zaman kaɗaici ya ishe shi. A kai shi wurin likitan dabbobi a karɓo maganin tsutsa, a ba shi abinci safe da yamma a lokaci ɗaya, a riƙa kwashe duk abin da ya yi tun bai juyo ya gani ba. Kada a doke shi, duka ba ya koya masa komai sai ɓuya. Zai ɗan jima bai daina ba, tunda baki ya saba, a yi haƙuri da shi. Ya kuma ce in da hali a leƙa wa Kaltume da goro.

Da la'asar Malam Inuwa ya ɗauki shebur da kansa ya kwashe kusurwar. Ya je kasuwa ya dawo da leda. Ya ɗaga kwanon da ke gindin randa, ya wanke shi a gaban matarsa, bai ɓoye ba. Ya zuba tuwo da romo, ya ɗora ƙashi biyu, ya ware na uku gefe. Ya kwance igiyar, ya ce bismillah, ya ajiye. Karen ya daɗe yana shinshina hannunsa kafin ya sa baki.

Safara'u tana zaune a bakin ƙofa, an jingina ta da filo, kofin kunu a hannunta. Ta kalli ubanta a tsugune, ta juyo ga uwarta.

"Inna, ɗazu ina can wani wuri mai duhu na ji an kira Yaya da sunansa. Muryar ce na biyo na fito. Waye?"

Uwani ta gyara mata ɗankwali. Ta daɗe tana gyarawa.

"Uban Mamman ne," ta ce. "Sha kununki."